GURMI A ZAURE: Waiwaye Kan Kiɗan Cikin Gida a Ƙasar Haɗejiya

Kwanakin baya ina koyar da adabin baka a aji biyu na babbar sakandare, sai na tambayi ɗalibai ko akwai wanda ya taɓa zama ɗaki ɗaya da makaɗi, yana kiɗa yana waƙa, ba lasifika ba janareta, har yana jin motsin yatsunsa a kan tsirkiya. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ita dai ta taɓa ganin masu kiɗan ƙwarya a sunan ƙanwarta, amma su ma da makirfo suka zo. Da na ambaci gurmi kuwa, wani yaro daga kujerar baya ya ce, "Malam, ai wannan kiɗan tsofaffi ne na rediyo." Waɗannan fa 'ya'yan Haɗejiya ne, garin da ya haifi Haruna Uji. Ban yi wa yaron faɗa ba, domin gaskiyarsa ya faɗa: a rediyo ya ji shi, kuma a rediyon ma sai jefi-jefi.

Abin da nake so mu waiwaya a wannan maƙala shi ne kiɗan da ake yi a cikin gida, watau a zaure, ko tsakar gida, ko ɗakin amarya, inda makaɗi ɗaya ko 'yar ƙungiya ta mutum uku zuwa huɗu ke yi wa mutane ƙalilan wasa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun karkasa makaɗan Hausa ta fuskar waɗanda suke yi wa kiɗa: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza, makaɗan jama'a da sauransu. Wannan rabo ya yi daidai. Amma ni ina ganin akwai wani rabon da ya kamata a riƙa tunawa da shi, na wurin da ake yin kiɗan. Akwai kiɗan fili, akwai kiɗan ɗaki. Tambari da kakaki da algaita da gangar noma da kalangu an yi su ne don a ji daga nesa. Gurmi da molo da garaya da kukuma da kuntigi da shantu kuwa muryarsu ba ta wuce taku ashirin. Wanda ya ƙirƙiro gurmi, ya ɗauki ƙoƙon duma ya rufe shi da fata, ya soka masa sanda, ya ɗaura tsirkiya a kan ɗan jaki, bai yi shi don filin sukuwa ba. Ko a dandalin kokawa, inda aka san gurmi da daɗewa, na kusa da makaɗin ne ke morar zaƙinsa, sauran jama'a ihu suke ji.

In mai karatu ya buɗe littattafan tarihin ƙasar nan zai tarar da yaƙi da sarauta sun cika su maƙil. Za a gaya maka Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya da sauran ƙananan sarautu sun zauna ƙarƙashin inuwar Barno ta hannun Galadiman da ke Nguru. Za a gaya maka yadda Sambo ya shiga Haɗejiya a 1808, da yadda Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye har zuwa rasuwarsa a 1863, wanda Bature matafiyi Barth ma ya ji labarinsa sa'ad da ya ratsa ta Gumel a 1851. Za a gaya maka yadda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka kashe shi tare da jama'a masu yawa a watan Afrilu na 1906. A duk waɗannan labarai za ka ji amon tambari da busar kakaki, domin su ne ke rakiyar sarki zuwa fagen fama. Amma ba wanda ya tsaya ya rubuta abin da aka kaɗa a zauren wani fatake da daddare bayan ya dawo daga Kukawa lafiya, ko abin da matan gida suka rera ranar buɗar kai. Marubucin tarihi a ƙofar fada yake tsayawa, ba ya shiga soron talaka.

Akwai kuma wani dalili da ya sa wannan kiɗa ya zama na ɓoye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin halayen sarakunan da ya yaƙa, ya nuna cewa Musulmi suna kaɗa ganga ne don wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna. Gaskiya ne daga baya ya sassauta a wasu littattafansa kamar Najmul Ikhwani, kuma wani masani Bajamushe, Veit Erlmann, ya tattara waɗannan bayanai a littafin da ya wallafa a 1986. Sai dai abin da ya zauna a zukatan malaman gari shi ne, kiɗan tsirkiya abin ƙyama ne, musamman goge da garaya da aka danganta da bori. A fahimtata wannan hukunci bai kashe kiɗan tsirkiya ba, kora shi ya yi zuwa cikin gida. Attajirin da ba zai yarda a gan shi a dandali ba, yana iya aika yaro ya kira mai molo bayan sallar lisha, a saki asabari, a rage fitila. Kowa a unguwa ya san abin da ake yi, amma tun da ba a fito da shi fili ba, liman ma sai ya yi kamar bai ji ba.

Kafin mu shiga zauren, ya kamata mu san wa ke da abin da zai ba makaɗi, kuma yaushe. Ƙasar Haɗejiya ƙasar kogi ce. Ruwa na tasowa daga kudancin Kano, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya iso mana wajen watan Agusta da Satumba ya malala cikin fadamu, daga Auyo har Kirikasamma da Guri, ya wuce Nguru. In ya fara janyewa sai a yanki shinkafa, masunta su hau gora su shiga da koma da homa, a cika rumfunan banda da tarwaɗa da karfasa, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa, masu lambu su kafa jigo. Saboda haka kuɗi a nan yana da lokacinsa, biki ma haka. Da damina makaɗi manomi ne kamar kowa. Da kaka ta yi, rumbu ya cika, sai a fara ɗaure-ɗauren aure, shi kuma ya rataya gurminsa ya bi ƙauyuka, yau yana gidan sarkin ruwa, gobe yana gidan dillalin shanu, jibi yana ƙofar wani bulama. Kuma kada a manta ƙasar ba ta Hausawa kaɗai ba ce: akwai Fulani, da Mangawa, da Badawa, da Gizimawa. Makaɗin da ke son ya ci abinci a gabas da Haɗejiya dole ya iya gaisuwa da Barbarci, ya san kirarin da zai yi wa Babade ba tare da ya taɓa abin da zai ɓata masa rai ba.

To, yaya ake yin wasan? Abin da zan faɗa a nan na tsinto shi ne daga bakin iyaye da kakanni, da kuma ɗan abin da na riska da idona ina yaro.

Ba a fara kiɗan zaure sai an idar da lisha an ci tuwo. Maigida na zaune a kan buzu ko darduma, nesa da ƙofar waje, kusa da ƙofar da ke shiga cikin gida. Baƙinsa na jere a jikin bango bisa tabarmi, kowa gwargwadon girmansa. Makaɗi kuwa, kome shahararsa, wurinsa na kusa da bakin ƙofa, inda ake tuɓe takalma. In yana da 'yan amshi biyu sai su zauna bayansa, in akwai mai ƙwarya ko mai ƙaramar ganga ya raɓa gefe. Sai kuma sanƙira, wanda shi ba ya zama sosai, kullum a tsugune yake kamar mai shirin tashi. Mutum huɗu ko biyar ke nan in sun yi yawa. Sau da yawa ma makaɗin ne da yaronsa kurum. Yara na cunkushe a bakin ƙofa ana korarsu suna dawowa. Matan gida kuwa ba a ganinsu, amma kowa ya san suna nan bayan bango, a shigifa ko a soro na biyu, kuma makaɗi mai wayo ya san rabin kyautarsa daga can za ta fito, ta hannun wata 'yar yarinya da za a aiko da goro ko turare ko 'yan kuɗi a ƙulle a gefen ƙyalle.

Aikin sanƙira tun da rana yake farawa. Shi zai zaga ya binciko su wane ne za su zo, wane ɗan wane ne, wa ya yi aikin hajji bana, wa aka naɗa, wa ya yi sabon aure, kuma mafi muhimmanci, wa ba ya ga maciji da wa. Domin a fili, in makaɗi ya manta da mutum, mutumin zai iya cewa hayaniya ce ta hana a gan shi. A zaure kuwa ba wannan uzuri. Mutum goma sha biyu ne a ɗakin, an ambaci goma sha ɗaya, to na goma sha biyun an zage shi ke nan, ko da ba a ce masa kome ba. Haka kuma jerin ambato shi kansa magana ce: in ka wasa ƙane kafin wa, ko ka fifita baƙo a kan surukin maigida, ka ɓata daren. Habaici ma a nan ya fi kaifi. A dandali in aka yi zambo, sai a yi ta tambayar da wa ake. A zaure kuwa idanu kawai za su juya gefe guda, wanda aka yi dominsa ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Saboda haka tsofaffin makaɗa kan ce wasan fili ƙarfi yake so, na ɗaki kuwa hankali.

Zauren da kansa yana taya makaɗi aiki. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara ko daurin guga, ƙasa an yi daɓe an shimfiɗa tabarma. Irin wannan ɗaki ba ya mayar da amo kamar ɗakin siminti da kwano, yana tausasa shi ne. Mawaƙi ba ya bukatar ɗaga murya, yana iya sassauta ta har ta koma kamar raɗa, ya bar gurmi ya yi magana shi kaɗai na ɗan lokaci, ya tsaya ya ɓantari goro, ya amsa wa wanda ya yi masa ba'a, sa'annan ya koma inda ya tsaya. Waƙa ɗaya tana iya cin rabin sa'a, gobe kuma a wani gidan ta fito da wata kama dabam, domin mutanen ɗakin sun sauya. Wannan shi ya sa in ka tambayi tsoho ya rera maka waƙar da ya ji a zauren ubansa, amshin kawai zai iya kawo maka. Sauran ɗiyan waƙar an yi su ne don wannan dare, sun kuma tafi tare da shi.

Kyauta ma tana da ladabinta. Liƙi a goshi ya fi yawa a wasan fili, kuma sai da takardar kuɗi ta wadata, musamman bayan an shigo da Naira a 1973. A zaure mutum kan miƙa wa sanƙira abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗi ko nawa ne, wani lokaci har da ɗan ƙari don ya zuga na kusa. A zamanin wuri ana zuba shi a ƙwarya, a zamanin fam da sule a ajiye a gaban makaɗi. Amma kyautar da ake labari ita ce wadda ba kuɗi ba: maigida ya tuɓe rigar jikinsa ya jefa, ko ya ce gobe a kai wa makaɗi buhun shinkafa, ko kwandon bandar kifi, ko tunkiya. Akwai kuma wadda ta fi duka, wadda ba a ambata: daga wannan dare makaɗin ya zama na gidan. In matarsa ta haihu zai zo ya faɗa, in an kama shi kan haraji nan zai kawo kuka. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi rubutu kan roƙo a ƙasar Zazzau a 1957, ya nuna yadda al'umma ke ajiye maroƙa a ƙasan tsani alhali kuwa manya ba sa iya rabuwa da su. A zaure ne wannan sarƙaƙiya ke fitowa tsirara: ga shi zaune wajen takalma, amma duk ɗakin ba wanda ba ya tsoron bakinsa.

Ni dai sau ɗaya na ga irin wannan zama cikakke, ina ɗan aji uku ko huɗu na firamare, a gidan wani kawuna mai fataucin kifi zuwa Kudu. Wani dattijo ne ya zo da gurmi, shi da yaro ɗaya mai kaɗa ƙwarya da zobba a yatsu. Ba sananne ba ne, ba a taɓa sa shi a rediyo ba. Abin da na fi tunawa ba waƙar ba ce, a'a, lokacin da tsirkiya ta tsinke masa a tsakiyar wasa. Bai daina waƙa ba. Ya ci gaba da rerawa yana ɗaura wata, ya mai da tsinkewar kanta ɗan waƙa, ya ce nauyin sunan maigida ne igiya ta kasa ɗauka. Ɗaki ya kwashe da dariya, kawu ya cire hularsa ya miƙa. Mu da ke bakin ƙofa muka yi ta maimaita maganar har mako guda.

Sai dai in gaskiya za a bi, mata ne suka fi riƙe wannan kiɗa, kuma su ne aka fi mantawa. Namiji kiɗan zaure alfarma ce gare shi, ta shekara sau ɗaya ko biyu. Mace kuwa, musamman ta kulle, cikin gida shi ne dandalinta, shi ne fadarta. Tun daga lugude a turmi da waƙar niƙa da ta daɓe, zuwa shantun da 'yan mata ke bugawa a cinya a ɗakin amarya, zuwa ƙwaryar da ake kifawa a ƙasa ko a kan ruwa ranar suna, duka kiɗa ne na 'yan mutane ƙalilan a tsakanin bango huɗu. Wanda ya karanta Baba of Karo, labarin da wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau ta ba Mary Smith aka buga a 1954, zai ga yadda biki da suna ba sa yiwuwa sai da waɗannan. Daga nan ne amada ta fito ta zama sana'a: zabiya ɗaya, masu ƙwarya uku ko huɗu suna amshi, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maza su fice. Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, su ne duniya ta sani, amma babu garin da ba shi da tasa zabiyar, tun daga Malam Madori har Birniwa. Abin da ake faɗa a wannan zama, kan kishiya da uwar miji da miji marowaci da neman na kai, ba a faɗinsa a wani wuri. In marubucinmu na littattafan soyayya yana neman inda salon habaicin matan littafinsa ya samo asali, to ya koma gindin ƙwarya.

Akwai wani gida kuma da ba zan tsallake ba don kunya, watau gidan magajiya. Goge da kukuma sun daɗe suna samun masauki a gidajen mata masu zaman kansu, daga baya kuma a otal-otal na garuruwan da jirgin ƙasa ya raya. Wannan ya ƙara wa kiɗan tsirkiya baƙin jini wurin malamai, amma can ne makaɗa da yawa suka goge, domin can ne ake samun masu saurare kowane dare ba sai an jira kaka ba. Kukumar da Ibrahim Nahabu ya fito da ita, su Ali Makaho da Garba Supa da Hassan Wayam suka ɗaukaka, kiɗan birni ne na 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata.

Canji ya fara shigo mana ta hanyar dogo. Layin jirgin ƙasa daga Kano ya isa Nguru a 1930, bai bi ta cikin Haɗejiya ba, sai ta Malam Madori, wadda ta zama tashar gyaɗa. Tare da kuɗin gyaɗa garmaho ya shigo, attajiri ya sami abin da zai kunna wa baƙi ba tare da ya ba shi tuwo ba. Sai rediyo, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. Abin mamaki shi ne, da farko rediyo gata ya yi wa kiɗan ɗaki. Ɗakin ɗaukar murya ai zaure ne, ƙarami, shiru, mutum na waƙa kamar yana yi wa mutum ɗaya. Kayan kiɗan da ba sa iya ja da kalangu a fili sai ga su sun yi daidai da shi a cikin akwati. Ta haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, ɗan gwangwani mai tsirkiya ɗaya, ya zaga Arewa duka. Ta haka kuma gurmin Haruna Uji ya fita daga Haɗejiya ya shiga kowane gida. Wanda ya saurari waƙarsa ta Jummai da kunnen basira zai ji cewa wannan ba muryar mai kiran taro ba ce, murya ce ta wanda ke zaune kusa da kai yana ba ka labarin abin da ke damunsa. A ganina Uji bai kawo sabon abu daga sama ba. Salon zaure ya ɗauka, ya cire sunan maigida ya sa na masoyiya. Ya rasu a ƙarshen shekarun 1980 bai tsufa ba, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in aka ce gurmi shi ake tunawa.

Amma abin da ya ɗaga mutum ɗaya ya danne ɗari. Da kuɗin Udoji suka fito a 1975, rediyo mai kaset ya cika gari. Wanda ke da kaset ɗin Shata da na Uji a ɗakinsa, me zai sa ya kira dattijon unguwa mai tsinkakkiyar tsirkiya? Kuma kunnen jama'a ya sauya: waƙa ta zama abu mai kama ɗaya, in makaɗi ya zo ya sauya ɗa guda sai a ce ya yi kuskure. Sa'annan ga lasifika. Da ta shigo, biki ya fita daga zaure ya koma ƙofar gida, aka jera kujerun haya, aka tare hanya, ajo ya zama gasar liƙi. Makaɗi ya tashi daga wajen takalma ya hau benci, wanda ci gaba ne ta wata fuska, kuma ba na jin akwai makaɗin da ya yi kukan rabuwa da bakin ƙofa. Sai dai daga kan benci ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa waƙa, sanƙira ke miƙo masa suna a takarda.

Kogin ma ya sauya. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun karya masu abin hannu da yawa a karkara. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ake dogara da ita ta ragu a wasu wurare, a wasu kuma ruwa ya daina janyewa, kacala ta toshe hanyoyinsa ta cinye gonaki da wuraren su. Sarkin ruwan da a da ke iya kyautar kwandon kifi ya koma neman na cefane. A 'yan shekarun nan kuma, kamar 2018 da 2020 da 2022, ruwan ya zo da ƙarfin da ya rusa gidajen ƙasa masu yawa. Wanda ya sami halin sake gini da bulo yake yi, kuma da wuya ka ga ya fitar da zaure. Shago yake fitarwa a gaba, falo a ciki. Falo kuwa yana da maigidansa tun tuni, watau talabijin, kuma duk kujerun ɗakin shi suke fuskanta.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai na ja ba. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aka ƙaddamar da shari'a a 2000, wasannin dare suka ja baya. Waƙoƙin fina-finai na fiyano suka mamaye kasuwa tun ƙarshen shekarun 1990, mutum ɗaya a situdiyo ya maye gurbin makaɗa biyar. Yanzu kuwa biki ya koma ɗakin taro na haya, da yaro mai kwamfuta yana sako waƙa, a sa sunan amarya da ango a waƙar da aka riga aka biya kuɗinta ta waya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ya rage a zaure da daddare sai karatun Ishiriniya a watan Mauludi da bandirin 'yan Ƙadiriyya da masu bege, waɗanda su ma, in an lura, tsarin zamansu bai bambanta da wancan ba: mai ja ɗaya, masu amshi kaɗan, maigida da baƙinsa a jikin bango.

Wani abin da ya ba ni dariya shi ne da na ji cewa a Amurka da Ingila yanzu ana yayin gayyato 'yar ƙaramar ƙungiyar makaɗa ta yi wasa a falon mutum, a tara maƙwabta talatin ko arba'in, a zaga da hula ana jefa kuɗi, makaɗan su ci abincin gidan, wani lokaci har su kwana. Suna yabon abin, wai mawaƙi na ganin idon mai saurare. Su ma ba sabon abu ba ne gare su: baƙaƙen fata na unguwar Harlem a Niyok sun yi ta shirya irin wannan a shekarun 1920 don su haɗa kuɗin haya, kuma Schubert, wanda Turawa ke ji da shi, a ɗakunan abokansa na Biyana aka fara jin yawancin waƙoƙinsa. Bambancin kawai, su sun rubuta nasu, har da sunayen waɗanda suka halarta da abin da aka ci.

A nan ne maganar ta shafe mu, 'yan'uwa marubuta. Rubutacciyar waƙa ma a zaure ta girma. Kafin a buga Imfiraji ta Aliyu Namangi a Zariya, a bakin almajirai da makafi ta zaga gidaje. Su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, da ƙungiyoyinsu na Hikima Kulob da Hausa Fasaha, zama suke yi a karanta waƙa a gaban 'yan'uwa, a gyara wa mutum ƙafiya ido da ido kafin ta kai rediyo. Mu yanzu muna rubuta labarin da aka ce a ƙauye ya faru, amma in an zo wurin biki sai mu ce "aka yi kaɗe-kaɗe da raye-raye" mu wuce, domin ba mu san wa ya zauna ina ba, ba mu san me ake ce wa sandar da ke ɗauke da tsirkiya ba. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa ya tattara da yawa, amma a Zazzau da Katsina suka fi yin aikinsu. Na gabas, na bakin kogi, yana bakin tsofaffin da suka haura saba'in, kuma kowa na da waya mai ɗaukar murya a aljihu.

A hutun da ya wuce na je neman yaron nan mai ƙwarya da ya raka dattijon gidan kawu. Na same shi a wani ƙauye gabas da Haɗejiya, ya yi furfura, yana saƙar tabarma. Ya ce maigidansa ya rasu tun kafin a yi jiha, 'ya'yansa ba wanda ya gaji kiɗa. Na tambaye shi gurmin. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da ƙoƙon kawai, ba fata ba sanda. Ya ce jikokinsa ke awon gero da shi. Na roƙe shi ya tuna mini ko da ɗa ɗaya na waƙar da aka yi wa kawu a daren nan. Ya yi shiru yana buga yatsu a bayan ƙoƙon, ya kamo amshin daidai, ya maimaita shi sau uku, sa'annan ya ce sauran sai in zan kawo masa mutanen da suka zauna a ɗakin.